Zumunta a ƙafa take, amma ƙafar wa?

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakinmu kwanakin ga, daga Maraɗi har Yamai: wai tsofaffi sun canza. Alhaji wane ba ya zuwa buki, Hajiya wance ba a ganin ta wurin suna, Malam wane tun da ya aje aiki ya shige ɗaka. Har da masu cewa girman kai ne, ko gudun fidda gudunmawa. Ni dai ban yarda ba. Mu ne munka daina zuwa wurinsu, sa'annan munka juya muna ɗora musu laifi.

A tambayi duk wanda ya tashi a Birni na Damagaram ko Bagalam ta Maraɗi: yaushe dattijo ya taɓa yawon gari? Dattijo zaure gare shi. In ya dawo masallaci da safe sai ya shimfiɗa buzu, ɗiya da jikoki da surukai su zo su duƙa su gaishe shi. Da dare a fito da tuwo, maƙwabta su haɗu a yi ciyayya. Rigimar iyakar gona, neman aure, rabon gado, matar da ta yi yaji, duka nan ake kashe su. Yana zaune wuri guda amma babu labarin da ke wuce shi, don unguwa ce ke zuwa ta iske shi. Tsohuwa ma haka, tana cikin gida, jikoki na kanta, masu jego na hannunta.

To yau ina zauren? An fasa shi an yi shago ana haya, ko an mai da shi wurin aje mota. Ku dubi ginin sababbin unguwanni, Ali Ɗan Sofo ko Niamey 2000: doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, sai ka buga ka buga kafin yaro ya leƙo. Ɗa na yin aure ya kama haya can bakin gari. Sai a bar tsoho da rediyo da tasbaha, a ce wai shi ya zaɓi kaɗaici.

Shi kuma bukin da muke jin haushin ba su zo ba, don Allah wa anka shirya ma shi? Mutum mai shekara 70, gwiwa na ciwo, kuna so ya hau kabu-kabu cikin zafin watan Afrilu, zafin da ke wuce 40, ya zo ya iske kujeru duk samari sun cinye, kowa kai cikin waya. Ga lasifika har ƙirji na rawa, ba mai jin gaisuwar wani. An ce ƙarfe huɗu, ba a farawa sai bayan magariba, lokacin da idonshi ba ya gani sosai. Ga mata kuma anko da gudunmawa: tsohuwar da ba ta da jika biyu a bakin zane ta gwammace ta ce ba ta jin daɗi da ta zo hannu rabbana a yi da ita. Tun takunkumin 2023 kowa ya san yadda kuɗɗin shinkafa da mai sunka yi. Mai ɗan fansho sai ya zaɓa tsakanin magani da buki, kuma kun san wanda zai ɗauka.

Na san za a ce ai muna gaishe su ta waya. Wace gaisuwa? A tura vokal guda cikin gurup na dangi ranar Juma'a, da hoton fure, shi ke nan an sauke nauyi. Vokal ba ya ganin ƙafa ta kumbura. Ba ya lura Baba ya rame, ko Inna ta fara mance sunan jikokinta, ko maganin hawan jini ya ƙare tun sati biyu tana jin kunyar faɗi. Waɗanda ke ci-rani a Najeriya ko Libiya ko wurin zinariya, su da uzuri, Allah ya maido su lafiya. Da ku nake, ku da ke gari guda da iyayenku, kuna fada tun bayan isha'i har ƙarfe biyu na dare, shayi na ɗaya, na biyu, na uku, amma minti 20 na zuwa gaida ƙanen ubanku ya gagara.

Gaskiya ne zaman wuri guda ba ya yi ma jiki kyau, likitoci ma na cewa tsoho ya riƙa taka ƙafa. To sai a zo a kama hannunshi zuwa masallaci, ko a ɗauke shi cikin adaidaita a kai shi gun abokinshi na ƙuruciya da sunka shekara ba su ga juna ba. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, tsofaffinmu ƴan kaɗan ne. Wani dattijon jikokinshi sun fi 30. A ce cikinsu an rasa mai leƙa shi kullum?

Ranar da ya rasu kuwa, za a toshe hanya da rumfa, a yi hayar kujeru, a ɗora manyan tukwane. Waɗanda rabonsu da gidan tun sallar bara za su zo har daga Tawa, su kwana uku suna amsar gaisuwa a ƙofar shagon da a da shi ne zaurenshi.