Filin Mata: Hanyar Filin Jirgin Sama a Ikko

Yau maganarmu a kan tafiya ce. Da yawa cikinmu muna da dangi a Ikko, musamman a Agege inda Hausawa suka daɗe da zama. Ran komowa gida kuwa, ba kowace ke da kuɗin tasi zuwa filin jirgi ba. To, bas ma tana kai mutum, in ya san abin da yake yi.

Ga abin da ya sami wata ƙawata. An aiko mata mahaifiyarta ba lafiya a Kano, maigidanta ya saya mata tikiti. Ta shiga mota, ta ce wa yaron mota filin jirgi za ta, ba ta ƙara kome ba. Aka sauke ta inda masu zuwa ƙasashen waje ke tashi. Kafin ta gane, ta sake neman wata mota, jirginta ya tashi. Sai washegari ta tafi, bayan an biya ƙarin kuɗi.

Ki sani filin yana Ikeja, sunansa ɗaya, na marigayi Janar Murtala Muhammed, ɗan Kano, wanda aka kashe a 1976. Amma ƙofofinsa dabam dabam ne. Ginin masu fita waje, wanda aka buɗe a 1979, ta wajen Oshodi ake nufarsa. Na tafiyar cikin gida yana wajen garin Ikeja, tsakaninsu kuwa ba tafiyar ƙafa ba ce ga mai kaya da goyo. Har na cikin gidan ma gini biyu ne: akwai tsohon wuri, akwai kuma MMA2 da aka buɗe a 2007, bayan gobara ta cinye na da a 2000. Saboda haka tun daren tafiya ki duba tikitinki, ko ki sa 'yarki 'yar makaranta ta karanta miki, ku san ginin da kamfaninku yake.

Daga Agege sai ki hau danfo, wato ƙananan bas ɗin nan masu ruwan ɗorawa da baƙin layi, zuwa Ikeja. A can ki nemi mai zuwa filin jirgi. Kafin ki sa ƙafa, ki ce wa yaron mota "lokal" za ki, don da sunan nan suka san wurin. Kada kunya ta hana ki maimaitawa. Matambayi ba ya ɓata. Ki yi cinikin kuɗin kaya tun a ƙasa, ki tanadi canji. Tikiti da katin shaida su zauna a jikinki, ba cikin akwati ba. Kada ki sa rai da acaɓa, an hana shi a Ikeja.

Sai batun lokaci. Tashi daga Ikko zuwa Kano kamar sa'a ɗaya da rabi ne, amma cunkoson motoci kan ci fiye da haka. Ki yi sammako, ki isa da saura sa'a biyu. Gara ki jira jirgi, don shi ba ya jiran kowa, ko matar sarki ce.

Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya. Sai mako mai zuwa.