Ra'ayinmu: A bi sawun kaya tun daga tushe

'Yan kasuwa da iyayenmu mata na Dakoro, kayan jabu sun daɗe suna yi mana ɓarna. A shekara ta 1995, lokacin annobar sanƙarau, an yi wa dubban 'yan Nijar allurar rigakafi ta jabu, kuma an ƙiyasta mutum 2,500 suka rasu. A 2015 da 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake yin gargaɗi a kan irin wannan allura a ƙasarmu. To, kwalin maganin da ya taso daga Kano, ya ratsa Maraɗi, ya sauka Dakoro, hannu nawa ya bi? Wa zai iya faɗi?

Wannan tambaya ce fasahar da ake kira bulokcen take son amsawa. Rajista ce a kwamfuta, wadda masana'anta da jami'an duwan da dillali da mai shago kowa ke riƙe da kwafinta. Duk inda kwali ya sauya hannu sai a rubuta, kuma mutum ɗaya ba ya iya goge rubutun a ɓoye. Matan da ke asusun Mata Masu Dubara, wanda ya faro a jahar Maraɗi a 1991, sun san wannan dabara: kuɗin da aka zuba a gaban kowa ba ya ɓata. Kamfanin Walmart na Amurka ya gwada ta a kan mangwaro, binciken da ke cin kusan mako guda ya koma daƙiƙa biyu da ɗoriya.

Amma fa rajista abin da aka ba ta take riƙewa. In an shigar da ƙarya tun farko, ƙarya za ta adana. Saboda haka muna kira ga hukumomi su sa ido a bakin iyaka, su kuma wajabta lamba a jikin kowane kwali, wadda ƙaramar salula za ta iya tantancewa, kamar yadda hukumar NAFDAC ta soma a Najeriya a 2010.

Kafin nan, kowa ya nemi takardar saye daga dillalinsa, ya adana ta. Magani kuma a saye shi a farmasi. Kayan da mai su ya ƙi faɗin inda ya samo su, a bar masa abinsa, domin araha ba ta ado.

Allah Ya kare mu, amin.