Wa Ya Kai Baƙo Ƙololuwar Dutse?

Ranar 29 ga Mayu 1953 mutum biyu suka taka ƙololuwar dutsen Everest: Edmund Hillary, da jagora Tenzing Norgay na ƙabilar Sherpa. Sarauniyar Ingila ta ba Hillary muƙamin "Sir", Tenzing kuwa aka sallame shi da lambar yabo. Har gobe ƴan Sherpa ke dakon kaya, su ɗaura igiya, su gitta tsani bisa ramukan ƙanƙara, baƙo ya biyo sawu ya ɗauki hoto. A Afrilun 2014 ƙanƙara ta rufto ta kashe jagorori 16 ƴan Nepal rana guda.

Malamin makaranta a Bader Goula zai ce ina ruwansa, ƙasar Dakoro ba ta da irin wannan dutse. To, ya duba darasinsa na tarihi. Ana ambaton Heinrich Barth, Bajamushen da ya shiga Agadas a 1850 ya kai Timbuktu a 1853, tamkar shi kaɗai ya keto sahara. Ina Dorugu, yaron Dambanas ta wajen Kance, wanda ya yi masa hidima har Ingila, wanda kuma labaransa suka shiga littafin Magana Hausa na Schön a 1885? Ina Buzayen da suka san rijiyoyin Abzin, waɗanda ba don su ba da ƙishirwa ta gama da ayarin?

Uzurin da aka saba kawowa shi ne jagora bai bar rubutu ba. Uzuri ne na malalaci. Tsofaffin makiyayan da suka haddace burtali da rijiyoyin arewacin Dakoro suna raye, kuma kowace ƙungiyar al'adu tana da alƙalami da takarda.