Kayan Injekta: A Ajiye Ko A Sayar Wa 'Yan Gwangwan?

Duk wanda ya san Potiskum ya san gari ne na mota. Hanyar da ta taso daga Kano ta ratso Azare, da wadda ta fito daga Jos ta biyo ta Bauchi, duk a nan su ke haɗuwa kafin su miƙa Damaturu da Maiduguri. Ga manyan motoci masu kwasar shanu da hatsi zuwa Kudu, ga garejoji ko'ina. Sabo da haka ba abin mamaki ba ne a tarar da gardamar mota ta shiga har cikin zauren gida, kamar yadda ta shiga tsakanin wa da ƙane a unguwar Yindiski.

Mutanen biyu sun gaji wata tsohuwar Marsandi samfurin 230E daga mahaifinsu. Da girma ya kama ta, sai ta fara wahalar tashi, tana fitar da baƙin hayaƙi, tana mutuwa a tsakiyar hanya. Bakanike ya duba ya ce injekta ce, kuma mafita ita ce a cire ta a sa kafireta. Aka yi haka, mota ta tashi, aka tattara kayan da aka kwance aka zuba cikin buhu aka jingine a zaure. Ƙanen ya ga buhun tare wuri kawai ya ke yi, gara a kira 'yan gwangwan su auna su ba da abin cefane. Wan kuwa ya ce ba da yawunsa ba. To, wa ke da gaskiya?

Kafin a yanke hukunci ya kamata mai karatu ya san abin da ke cikin buhun. Wannan jerin Marsandi, wanda kamfanin ya ke kira W123, an ƙera shi daga 1976 zuwa 1986, an fitar da wajen mota miliyan 2 da dubu 700. Samfurin 230E ya fito a 1980 da na'urar ba da mai ta kamfanin Bosch na Jamus mai suna K-Jetronic, wadda aka fara sa wa motoci a 1973. Mutane da yawa na zaton duk injekta da kwamfuta ta ke aiki, alhali kuwa wannan babu kwamfuta a cikinta. Famfon lantarki ne ya ke turo mai da ƙarfin da ya ninka na iskar tayar mota sau biyu. Iskar da inji ya ke zuƙa ita ke motsa wani faifan ƙarfe, faifan kuma ya tura wani ɗan sanda a cikin kan rabon mai, shi kuma ya buɗe wa kowace silinda gwargwadon abin da ta ke bukata. Tsohuwar 230 mai kafireta ƙarfin doki 109 gare ta, amma 230E da sabon injinta da injektarta ta kai 136.

Lagon wannan na'ura shi ne datti. Ƙofofin da mai ya ke bi a cikin kan rabo siraran gaske ne, ɗan yashi ko ɗigon ruwa ya isa ya toshe su ko ya sa su tsatsa. A ƙasar da a ke shan man bumburutu daga jarka a bakin titi, ga ƙurar hunturu, ga kuma irin gurɓataccen man da ya shigo Nijeriya a farkon shekarar 2022 ya kwantar da motoci masu yawa, lalle na'urar ba ta sami gidan zama mai daɗi ba. Bugu da ƙari, gyaranta sai da ma'aunin ƙarfin mai da kuma sanin adadin da ya kamata ya nuna, abin da ba kowane gareji ke da shi ba. Kafireta kuwa kowa ya san ta. Makanikan Arewa sun yi wayo ne a kan Fijo 504 da kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya cika ƙasa da ita. Don haka ba za a zargi wanda ya juya motarsa ba, domin motar da ke tafiya ta fi wadda ke kwance a ƙarƙashin darbejiya.

Amma juya mota daban, zubar da kayanta daban. A nan ne wan ya fi ƙanen hangen nesa, kuma dalilai uku ne.

Na farko, sau da yawa ba dukan na'urar ce ta mutu ba. A kan tarar famfo ne ya yi rauni, ko matacin mai ya toshe, ko wata roba ta tsage tana shan iska, sauran kayan kuwa lafiyarsu lau. Wanda ya sayar da buhun a kan sikeli ya sayar da lafiyayyu tara sabo da marar lafiya ɗaya. Ɗan gwangwan nauyi ya ke saye, ba ruwansa da aikin da ƙarfen ya ke yi.

Na biyu, kayan nan kullum raguwa su ke yi a duniya, masu nemansu kuwa ba su ƙare ba. A Jamus tun daga 1997 a ke ba motar da ta shekara 30 lamba ta musamman mai harafin H, wadda ta ke zuwa da sauƙin haraji, amma da sharaɗin ta kasance a kan asalin ƙirarta. Motar da aka sauya wa hanyar ba da mai da abin da ba nata ba tana iya rasa wannan matsayi. Shi ya sa masu sha'awar tsofaffin motoci su ke farautar kan rabon mai na asali, har Bosch ya ware sashe guda na kula da kayan tsofaffin motoci. Ko a nan gida, wanda ya taɓa yawon neman irin wannan kaya a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Fanteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Ikko, ya san farashin saye ba ya kama da na sayarwa. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Na uku, tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lissafin kowane mai mota ya sauya. Injekta mai lafiya ta fi kafiretar aro tsimin mai, musamman wadda aka ɗauko daga wata mota aka ɗaura da dabara. Mai yiwuwa ne ranar da magada za su so mayar da motar yadda ta ke ta zo, ko mai saye ya zo ya tambayi kayanta na asali. Ranar nan buhun zaure shi zai ɗaga kuɗin motar.

Sai dai ajiya ma tana da ƙa'ida, jefa kaya cikin buhu ba ajiya ba ce. A tsiyaye man da ya rage, domin in ya daɗe ya kan zama danƙo ya liƙe ɗan sandan nan. A toshe kowace ƙofa, a shafa mai marar kauri, a naɗe a leda, a sa a akwati inda damina da ƙura ba za su kai ba. A haɗa kome wuri ɗaya: kan rabo da faifansa, bakunan feshi, bututun ƙarfe, famfo, da maƙogwaron da iska ke bi ta shiga inji. A rubuta lambar da ke jikin kan rabon, mai alƙaluma 10 da ke farawa da 0 438, domin da ita a ke gane wanda ya dace da wace mota. Kada kuma a bari mai karambani ya kwance shi, gama sandan da gidansa tare aka daidaita su, ba a musanya su da na wani. Haka nan wanda ya juya motarsa ya tabbata an cire famfon injekta ko an rage masa ƙarfi, domin kafireta ba ta bukatar ko kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa. In an bar shi haka, mai zai yi ambaliya a kan inji mai zafi, gobara kuwa ba ta sallama.

Akwai kuma magana ga makanikai. Kayan da aka cire daga mota na mai mota ne, ba ladan aiki ba ne. Wanda ya tura su ƙarƙashin benci ya yi shiru, ya sayar bayan mai su ya tafi, ya ci amana, ko da mai su bai san darajarsu ba. In kuwa motar ta gado ce, to, haƙƙin magada duka ne, har da mata da marayu.

Idan talauci ya matsa har sayarwa ta zama tilas, ba laifi, amma a sayar da su a haɗe, da lambarsu, ga wanda ya san abin da ya ke saye, bayan an taya a wuri biyu ko uku. In ba matsi, ƙanen ya yi haƙuri ya bi yayansa, buhu ɗaya ba ya cika zaure. Hausawa sun ce ajiya maganin wata rana. Allah ya sa a gane.