Ina Sikila Take Ɓuya a Watanni Shida na Farko?

Duk uwar da ta goyi mai sikila za ta gaya maka cewa watannin farko lafiya lau suke wucewa. Yaro ya sha nono, ya yi ɓul-ɓul. Sai wajen wata na shida bayan hannu da na ƙafa su kumbura, ya dinga tsala kuka cikin dare, ko taɓa shi ba ya so a yi. Daga nan a fara zargin kambun baka da shafar iska. Ni da nake koyar da ilimin halittu a sakandare, tambayata daban ce: cutar da aka haife shi da ita, ina ta shige duk tsawon wannan lokaci?

Amsar tana cikin yadda jiki ke raba wa ƙwayoyinsa aiki. Daga ƙwaya ɗaya tal kowannenmu ya fara, ta yi ta rabuwa har aka samu iri sama da 200: na fata, na tsoka, na ƙwaƙwalwa, na jini. Amma saƙon gadon da ke cikinsu ɗaya ne. A 1962 John Gurdon ya nuna haka a Ingila, lokacin da ya ciro cibiyar ƙwayar hanjin talibambam ya dasa a ƙwan kwaɗo da aka kashe wa tasa cibiyar, sai ga sabon talibambam yana iyo. Ashe ƙwayar hanji ba ta yar da komai ba, rufewa kawai ta yi. Kamar gida ne mai fitilu kusan 20,000, wato ƙwayoyin gado, kowane ɗaki da waɗanda yake kunnawa.

A cikin ɓargo akwai uwayen ƙwayoyi da ke haifar jajayen ƙwayoyin jini, kimanin miliyan 2 a kowace daƙiƙa. Jar ƙwaya tana cika cikinta da himogilobin mai ɗaukar iskar numfashi, ta tofar da cibiyarta, ta yi aiki kwana 120. Ta mai sikila kan lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, kuma da wuya ta wuce kwana 20.

To, ɗan tayi yana da nasa himogilobin daban, wanda ba ya lanƙwasa ƙwaya. Bayan haihuwa wata ƙwayar gado mai suna BCL11A takan kashe shi sannu a hankali, na manya ya karɓi aiki. A na manyan ne aibin yake. Ranar da na jarirantaka ya ja baya, ranar ciwo ke bayyana.

Masana suka ce, me zai hana a sake kunna shi? A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy: a ɗebi uwayen ƙwayoyin jinin majiyyaci, a raunana BCL11A, a mayar masa. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2. An yi ta yaɗa labarin a wayoyi, har wata maƙwabciyata ta tare ni a zaure, tana riƙe da katin asibitin ɗanta da ya yi laushi don yawan naɗewa, tana cewa, "Malam, yaushe zai iso mu?"

Ban yi mata ƙarya ba, na ce da sauran tafiya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne akwai tsohon magani, haidiroksiyuriya, da ke ƙara wannan himogilobin na jarirai, kuma Amurka ta amince da shi tun 1998. An gwada shi a kan yara a Kano don kare su daga shanyewar ɓarin jiki, ya yi amfani. Ba ya warkarwa, yana kuma buƙatar likita da awon jini a kai a kai, amma yana rage tashin ciwo. Ita ba ta taɓa jin sunansa ba.

A ƙasar da ake ƙiyasin haihuwar jarirai 150,000 masu sikila duk shekara, dokar gwaji kafin aure da Kano ta yi a 2024 ta kyautu, sai dai ba ta yi wa wanda aka riga aka haifa komai. Watanni shidan nan rata ce da jiki ya ba mu. A ɗiga jinin diddigen jariri ranar rigakafin farko, a san matsayinsa, a fara ba shi kariyar zazzaɓin cizon sauro da ta ƙwayoyin cuta kafin hannu ya kumbura. Gwamnatocin jihohi kuma su saka haidiroksiyuriya cikin magungunan da inshorar lafiya ke biya, a same shi har a asibitin ƙaramar hukuma.