Gwajin tsohuwar motar gida a Gezawa

Doka ta wajabta a kai tsohuwar motar gida gaban jami'an duba motoci (VIO) duk shekara, motar haya kuwa duk wata 6, kafin a ba da takardar shaidar lafiyar mota. Ana duba birki, fitilu, sitiyari da tayoyi. A Gezawa taya ce babbar matsala, domin yawancin motocin 'yan Kwatano ne, tayoyinsu ma na hannu, alhali Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana ɗaukar taya ta tashi aiki bayan shekara 4 da ƙera ta. Sau da yawa dai takardar kan fito ba tare da kowa ya leƙa motar ba, sannan a lafta mata buhunan gero zuwa Kano.