Sharhi Kan Zaɓen Injin Awo da Ɗurin Hatsi

Tun bayan da gwamnatin Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu a watan Agustan 2019, masana'antun gyaran shinkafa suka yawaita a jihohin Kano da Jigawa da Kabi, kuma masu su suka fahimci cewa aiki bai ƙare a kan casa da cire tsakuwa ba, tun da mai saye a birni yana neman buhu ko leda da aka rubuta nauyi a jiki, kilo 50 ne ko 25 ko kilo ɗaya tak. Dillalan injinan awo da ɗuri sun fi tallata saurin injin, wato yawan buhunan da yake cikawa a awa guda, alhali abin da ya kamata a fara dubawa shi ne irin awon da yake yi.

Injinan nan iri biyu ne a asali. Na farko yana awo ne da kofuna masu juyawa, kowane kofi ya cika ya zubar a leda, kamar dai yadda mai awo a kasuwar Dawanau yake yi da mudu. Yana da araha da sauƙin gyara, sai dai cikar kofi ba ita ce nauyi ba, domin shinkafa mai yawan gutsattsari ta fi doguwar ƙwaya shiga kofi, danshin hatsi ma yakan sauya daga kaka zuwa tsakiyar hunturu, ballantana shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ƙaiƙayi ba, wadda ta fi gyararriya rashin nauyi ƙwarai. Mai irin wannan inji yakan ƙara awo don gudun ƙorafi, kuma a nan asarar take ɓuya: rarar giram 20 a kowace leda, in aka ɗura leda 5,000, ta kai kilo 100, buhu biyu ke nan da aka kyautar ba da niyya ba.

Na biyu yana aiki da sikeli na lantarki, wanda a ƙarƙashin mazubinsa akwai wani ɗan ƙarfe da yake lanƙwasawa kaɗan idan nauyi ya hau shi, na'ura kuma ta mayar da lanƙwasar lambobi. Hatsi yana kwarara da ƙarfi da farko, sannan ƙofa ta tsuke ya riƙa tsiyaya har awo ya cika daidai. Akwai kuma mai mazubai da yawa, wanda kamfanin Ishida na Japan ya fito da shi a 1972, inda kwamfuta take haɗa mazuban da jimlarsu ta fi kusa da nauyin da ake so. Amma tsadarsa ba ta dace da mai ƙaramin jari ba.

Irin shuka yana da hukunci na daban. Waken suya da gyaɗa suna da raunin fata, idan suka faɗo daga nesa ko aka tura su da murɗaɗɗen ƙarfen da aka yi domin gari, sai su tsage, manomi ya shuka su ƙi tsirowa. Haka nan injin da aka ɗura irin da aka yi wa magani a cikinsa bai halatta ya koma ɗurin abinci ba.

Yanayin ƙasa ma yana da nasa tasiri, domin ƙurar hunturu da dusa suna taruwa a mazubi su gurɓata awo, wutar da take hawa da sauka tana ƙona allon sarrafawa, girgizar janareto ko injin casa da ke kusa kuwa tana hana sikeli tsayawa. Saboda haka ya dace mai saye ya tambayi inda ake samun kayan gyara da makanikin da ya san injin, ya kai nasa hatsin a gwada a gabansa kafin ya biya, sannan ya tanadi duwatsun awo na gwaji, tun da sashen kula da ma'aunai na ma'aikatar masana'antu da ciniki ta tarayya yana da ikon binciken duk sikelin da ake ciniki da shi.